Kwamfuta za ta iya gane ƙwayoyin gadon sankarar hanji daga hoton nama?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An yi wa yayana tiyatar sankarar babban hanji, an kai abin da aka yanke ɗakin gwaji. Sakamakon farko ya fito, amma sun ce sai an ƙara wani gwaji na ƙwayoyin gado kafin a san maganin da za a ɗora shi a kai, kuma har yau shiru. Na ji ana cewa yanzu ƙirƙirarriyar basira tana kallon hoton naman kawai ta faɗi sakamakon nan take. Gaskiya ne? In gaskiya ne, don me ake sa mu jira?

Amsa: Malama, Allah ya ba yayanki lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da kika ji yana da tushe, kuma aiki ne da masana suka ɗauka da gaske tun wajen 2018. Sai dai mai ba da labarin ya tsallake rabinsa. Kwamfutar ba ta ganin ƙwayoyin gado. Sawun da suka bari a jikin nama take gani, ta yi hasashe a kai. Wasu sauye-sauyen suna barin sawu irin na giwa, wasu kuwa ko na tururuwa ba su kai ba. A kan wannan bambancin maganar take gaba ɗayanta, don haka bari in bi da ke ta ɗakin gwajin.

Naman da aka ciro daga jikin yayanki an jiƙa shi a ruwan fomalin don kada ya ruɓe, aka yayyanka wuraren da ake so, aka daskarar da su cikin kaki. Daga wannan dunƙulen kakin ake feƙe wani siririn yanki, kaurinsa wajen maikiron 4, wato in kin raba milimita ɗaya gida 250 kin ɗauki ɗaya. A shimfiɗa shi a kan gilashi, a zuba masa rini biyu: hematoksilin mai sa cibiyar ƙwayar halitta ta yi shuɗi-shuɗi, da iyosin mai sa sauran jikinta ya yi ruwan hoda. Wannan rinin ya haura shekara ɗari ana aiki da shi, kuma kusan duk wanda aka yi wa tiyatar sankara a duniya yana da irin wannan gilashin. Mu da madubin likita muke duba shi. Idan kuwa aka sa shi a sikana ta musamman, sai ya zama hoto mai girman gaske, wanda tsawonsa kaɗai kan kai ɗigo 100,000, faɗinsa ma kusan haka. To a duk girman hoton nan babu inda harafi ko ɗaya na DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayar halitta, ya fito. Siffar ƙwayoyin halitta ce kawai, da yadda suka jeru, da waɗanda suka kewaye su.

Gwajin da aka fi nema a sankarar hanji shi ne wanda ake kira MSI, kuma ina kyautata zaton yana cikin abin da ake jira wa yayanki. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta. A cikin DNA akwai wuraren da harafi ɗaya ko biyu ke ta maimaituwa, kamar AAAAAAAAAA ko CACACACA. Duk wanda ya taɓa kwafar lamba mai sifili da yawa ya san yadda ido ke zamewa, a ƙara ɗaya ko a rage ɗaya. Haka na'urar kwafin jiki take yi a irin waɗannan wuraren. Akwai furotin huɗu da aikinsu shi ne bin sawu suna gyara kuskuren: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Idan ɗaya daga cikinsu ya daina aiki, kurakurai sai su yi ta taruwa, dubbai, wannan halin ne ake kira MSI. Kusan kashi 15 cikin ɗari na sankarar babban hanji irin wannan ce. A cikin wadda ta riga ta yaɗu zuwa hanta ko huhu kuwa, kashi 4 zuwa 5 ne kawai.

Dalilin da ya sa likitocin yayanki suka ƙi yin gaggawa shi ne wannan sakamakon yana sauya magani ƙwarai. Ƙwayar da ta cika da kurakurai tana ƙera furotin masu baƙuwar siffa, garkuwar jiki ta gan su ta ɗauke su a matsayin maƙiya. Shi ya sa magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi suke cin irin wannan sankarar. A babban gwajin da ake kira KEYNOTE-177, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, masu sankarar MSI da ta yaɗu waɗanda aka ba pembrolizumab, ɗaya daga irin waɗannan magungunan, sun yi matsakaicin wata 16.5 cutar ba ta ci gaba ba, waɗanda aka ba kemo kuwa wata 8.2. A 2022 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York suka ba da rahoton mutum 12 masu irin wannan sankarar a ƙarshen hanji da aka yi wa maganin dostarlimab na wata shida, aka nemi ƙarin aka rasa a dukansu. Amma wanda sankararsa ba MSI ba ce, waɗannan magungunan galibi ba sa yi masa komai sai illa da asarar lokaci. Ko a mataki na biyu, inda ba ta yaɗu ba, sanin MSI yana taimakawa a yanke shawarar a ba da kemo bayan tiyata ko a bari.

Yanzu ga inda hoto ya shigo. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma sankarar MSI tana da fuska. Idan na sa gilashinta a madubi, sau da yawa abin da ke fara ɗaukar idona wasu ƙananan ɗigo-ɗigo ne baƙi-baƙi, masu ɗan farin zobe a kewaye, sun kutsa tsakanin ƙwayoyin sankarar kamar an yayyafa su. Sojojin jini ne, limfosait. A bakin iyakar ƙarin kuma sai ka ga sun yi dandazo dunƙule-dunƙule. Wani lokaci ka tarar da tafkunan yauƙi fari-fari, ƙwayoyin sankara na yawo a ciki. Wani lokaci kuma maimakon su jeru zobba-zobba yadda naman hanji ya saba, sai su shimfiɗu kamar tabarma babu tsari. Galibi kuma a ɓangaren dama na hanji take fitowa. Likitocin duba nama sun san waɗannan alamun tun kafin a yi maganar kwamfuta, har an taɓa haɗa su a zama ma'aunin maki. Matsalar ita ce idon mutum bai isa a dogara da shi a nan ba. Na sha ganin gilashin da zan rantse MSI ne gwaji ya ƙaryata ni, na kuma sha ganin wanda bai nuna komai ba ya fito MSI.

Abin da masu bincike suka yi shi ne su tara dubban hotunan da an riga an san sakamakon gwajinsu na gaskiya, su daddatsa kowane hoto zuwa ƙananan murabba'ai, su ba kwamfuta tare da amsar: wannan MSI ne, wannan ba shi ba ne. Ba wanda ya ce mata ta nemi limfosait ko yauƙi. Tana yin hasashe, a nuna mata ta yi kuskure, ta gyara lissafinta kaɗan, a sake, sau miliyoyi. A 2018 wata tawaga a Jami'ar New York ta nuna ana iya hasashen wasu sauye-sauyen gado a sankarar huhu ta wannan hanya. A 2019 Jakob Nikolas Kather da abokan aikinsa a Aachen ta Jamus suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa ana iya yin haka da MSI a sankarar hanji da ta ciki. Abin sha'awa, da aka bi diddigin wuraren da kwamfutar ta fi ba muhimmanci, sai aka ga yawancinsu su ne alamun da muka sani, ita dai ta fi mu haƙurin ƙirga su ne, ba ta gajiya, ba ta tsallake lungu.

Ana auna ƙwarewar irin wannan manhaja da wani maki da ke tsakanin 0.5 da 1. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a ɗauko mai MSI ɗaya da marar MSI ɗaya a ce ta nuna wanne ne wanne. In canki-canka take yi, rabin lokaci za ta dace, wato 0.5. In ba ta taɓa kuskure, 1. Aikin 2019 ya samu 0.84 a kan majinyatan Jamus da manhajar ba ta taɓa gani ba. A 2020 aka sake horar da ita, aka kuma gwada ta, da hotunan mutum sama da 8,000 daga Jamus, Holan, Birtaniya da Amurka, makin ya kai 0.96 a wani rukunin majinyata na Ingila. A 2023 wani aikin ya yi amfani da mutum sama da 13,000 da sabon salon manhaja irin wanda ke ƙarƙashin manhajojin hira na yanzu. Ci gaba ne na gaske cikin shekara huɗu.

Sai dai wannan makin yana ruɗin mutane, har da likitoci. Wanda ya ji 0.96 sai ya ɗauka cikin mutum ɗari za ta faɗi gaskiya a kan 96. Ba haka lissafin yake ba. A asibiti dole a ja layi: daga nan zuwa sama a ce ana zargin MSI, daga nan zuwa ƙasa a ce babu. Kuma tunda kuskuren da ya fi muni shi ne a sallami mai MSI a ce ba shi da ita, ya rasa maganin da zai iya cetonsa, sai a ja layin ƙasa-ƙasa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne MSIntuit, manhajar kamfanin Owkin, wadda ta samu shaidar amfani a Turai a 2022. Da aka gwada ta a kan majinyata 600, ta kama kashi 96 zuwa 98 na masu MSI, amma a cikin marasa MSI kashi 46 zuwa 47 kawai ta iya wankewa.

Mu ɗora waɗannan alƙaluman a kan mutum 1,000 don ki gani da idonki. Kimanin 150 za su kasance masu MSI, 850 marasa ita. Manhajar za ta kama wajen 145 daga cikin 150, biyar ko huɗu su zame mata. A cikin 850 za ta wanke wajen 390, ta bar 460 cikin zargi alhali ba su da komai. Ke nan mutanen da ta ɗaga wa tuta sun haura 600, kuma ɗaya cikin huɗu ne kaɗai mai MSI na gaskiya. Idan ta ce wa yayanki "ana zargi", uku cikin huɗu ba haka ba ne, ba likitan da zai ɗaura masa ruwan magani a kan wannan. Idan kuwa ta ce "babu", kusan 99 cikin ɗari ta yi daidai. Rariya ce, aikinta ta rage tarin da za a kai gwajin gaskiya, kuma masu ita ma a haka suka gabatar da ita. Ga ɗakin gwajin da ke karɓar dubban samfuri a shekara, rage kashi 40 na aikin ba ƙaramin abu ba ne. Ga mutum ɗaya da ke jiran a zaɓa masa magani, sau da yawa amsarta ita ce: je ka yi gwajin.

Wannan duk a kan MSI ne, inda sawun yake da girma. Sauran gwaje-gwajen labarinsu daban. Kusan kashi 40 na sankarar hanji suna da sauyi a ƙwayar gadon KRAS, kuma saninsa wajibi ne idan cutar ta yaɗu, don magungunan cetuximab da panitumumab ba sa aiki a kan mai wannan sauyin. Amma sauyin KRAS harafi ɗaya ne tak, galibi a gurbi na 12 ko na 13, wanda ke maƙale makunnin girma a kunne. Ba ya tara kurakurai, ba ya kiran sojojin jini, naman bai cika sauya kama ba. Shi ya sa hasashensa daga hoto ya kasance mai rauni, a ayyukan farko ma bai fi canki-canka da yawa ba, kuma ko da ya inganta bai kai a yi magani da shi ba. Ga kuma sababbin magunguna da ke bin takamaiman nau'in sauyin, kamar G12C, abin da sai an karanta DNA ɗin kansa.

Labarin ƙwayar gadon BRAF ya fi ban sha'awa. Kusan ɗaya cikin goma na masu sankarar hanji ke da sauyinta da ake kira V600E, kuma manhajoji suna hasashensa da maki mai kyau. To amma akwai lauje cikin naɗi. Sauyin BRAF yana yawan tafiya tare da MSI, musamman a tsofaffi. Saboda haka manhajar tana iya koyon fuskar MSI kawai, ta riƙa cewa BRAF duk inda ta gan ta, kuma ta ci maki. Kama da wane ba ta wane. Majinyacin da ya fi buƙatar a gane BRAF ɗinsa shi ne mai BRAF marar MSI, don cutarsa ta fi zafi kuma akwai maganin encorafenib da ake haɗa masa da cetuximab. A kansa ne ya kamata a tambayi makin manhajar, kuma duk rahoton da bai ware wannan rukunin ba ina karanta shi da taka-tsantsan.

Wannan ɗabi'ar bin gajeriyar hanya ita ce babbar damuwata da fasahar baki ɗaya. Kowane ɗakin gwaji yana da hannunsa: wani rininsa ya fi duhu, wani yankansa ya fi kauri, wani sikanarsa daban. A 2021 masu bincike a Jami'ar Chicago suka nuna kwamfuta tana iya gane asibitin da gilashi ya fito daga hoton kaɗai, a cikin babban rumbun hotunan sankara na Amurka da ake kira TCGA, wanda kusan kowa ke horar da manhajarsa da shi. In aka yi dace wani asibiti ya fi turo masu wani sauyi, manhajar za ta koyi launin asibitin ta ɗauka ilimi ne. Naɗewar nama, kumfar iska a ƙarƙashin gilashi, har tawadar alƙalamin da likita ya zagaye ƙari da ita, duk suna iya karkatar da ita. Sannan akwai batun su wa aka horar da ita a kansu. Tun a aikin 2019, manhajar sankarar ciki da ta koya galibi daga Turawan Yamma ta yi rauni da aka kai ta kan majinyatan Japan. Yawancin hotunan horarwa daga Turai da Amurka da wasu ƙasashen gabashin Asiya suke. Duk asibitin da zai ɗauki irin wannan manhaja, a ko'ina yake, sai ya fara gwada ta a kan nasa gilasan da nasa mutanen.

Akwai kuma bambanci tsakanin babban naman tiyata, irin na yayanki, da ɗan gutsuren da ake tsinkowa lokacin leƙa hanji da kyamara, wanda bai fi 'yan milimita ba. A aikin 2020 makin ya faɗo daga 0.96 zuwa 0.78 da aka koma kan gutsure. Sababbin manhajoji sun rage tazarar sosai. Abin lura dai shi ne yanzu an fara ba masu MSI magani tun kafin tiyata, wanda ke nufin a kan gutsuren ake buƙatar amsar, inda hoton ya fi ƙarancin bayani.

Wani abin da ya shafe ki kai tsaye, tunda jininku ɗaya. Yawancin MSI tsautsayi ne da ya faru a cikin ƙarin kaɗai, inda aka toshe bakin MLH1. Amma wajen kashi 3 na dukkan sankarar hanji gado ne, abin da ake kira ciwon Lynch: an haifi mutum da lahani a ɗaya daga ƙwayoyin gyaran nan, kuma kowane ɗansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya yana da yiwuwar rabi-da-rabi na ɗauke da shi. A mata yana jawo sankarar mahaifa ma. Saboda wannan ne hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawara a 2017 cewa a gwada duk wanda aka samu da sankarar hanji, ba tare da duba shekarunsa ba. Hoton rini biyu ba zai gaya miki wace ce daga cikin huɗun ta lalace ba, ba zai tabbatar gado ne ko tsautsayi ba. Wannan sai an bi da gwajin BRAF ko na toshewar MLH1, sannan gwajin jini.

A ganina, inda fasahar za ta fi amfani nan kusa shi ne ɗakunan gwajin da suka riga suka koma duba nama a allon kwamfuta, inda hoton yana nan ko da manhaja ko babu. A can minti kaɗan ya isa ta jera samfura, a san wanda za a fara yi wa gwaji. Inda babu sikana kuwa, lissafin ya sha bamban, don abokin takararta gwaji ne mai sauƙi: a feƙe yanki huɗu daga dunƙulen kakin, a yi wa kowanne rinin da ke kama furotin ɗaya, a duba wanne ya ɓace. Cibiyoyin lafiyayyun ƙwayoyin halitta su yi ruwan ƙasa, na sankarar su fito fayau babu launi. Idan kayan aiki suna nan, 'yan kwanaki ne. Jinkirin da ake samu galibi na layi ne, ko na aika samfur wani wuri, ko ƙarewar sinadari.

Don haka kada ki ɗauki hoton takardar sakamako ko na gilashi da waya ki tura wa manhajar hira. Waɗancan manhajojin da na ambata an gina su ne don cikakken hoton sikana, kuma a hannun ɗakin gwaji suke. Manhajar hira za ta iya ba ki amsa mai daɗin ji wadda ba ta tsaya a kan komai ba. Abin da zai fi amfanar yayanki shi ne ki koma wurin likitansa da tambayoyi ƙayyadaddu: wane gwaji ake jira, na furotin huɗun nan ne ko na karanta DNA; ina aka aika shi kuma yaushe; cutar a mataki na nawa take, don in ba ta yaɗu ba, KRAS da BRAF ba su ne na gaggawa ba; kuma shin akwai wa'adin da ya kamata a fara kemo a cikinsa, tunda galibi ana so a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan tiyata. Ki rubuta lambar samfurin da ke saman takardar sakamakon farko ki adana, da ita ake nemo dunƙulen kakin, kuma yana ajiyuwa shekaru ana iya sake gwaji a kansa ko a kai shi wani ɗakin gwajin. Sannan ki gaya wa likitan shekarun yayanki lokacin da aka gano cutar, da duk wanda ya taɓa yin sankarar hanji, ta ciki ko ta mahaifa a danginku ta wajen uwa da ta wajen uba, da shekarun da ta same su, musamman in akwai wanda bai kai 50 ba.